Ɗari Uku, Ba Zaɓe

Ku gyara zama, yau ba wanke kaina na zo yi ba. Masu turo min saƙo suna cewa ni baiwar Allah ce mai haƙuri, ku riƙe yabonku sai kun kai ƙarshe, don a wannan karon har da hannuna a cikin ɓarnar.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, bari in ɗauko masa daga tushe. Shekarata talatin ba ɗaya. Baba ya rasu, Yayata da ƙannena biyu duk suna ɗakin mazajensu, saura ni da Mama a gida. Aikina tsinta ne a ɗakin bincike, kuma sai na yi muku bayaninsa a tsanake, don idan ba ku gane shi ba ba za ku gane abin da ya same ni ba.

A saman teku akwai wasu halittu da ba su wuce ƙwayar yashi ba. Kowacce tana gina wa kanta ƙwanso na alli, ɗaki bayan ɗaki, a naɗe kamar katantanwa. In ta mutu sai ƙwanson ya nutse ya kwanta a ƙasan teku, na bana kan na bara, har shekaru dubbai. Jirgin bincike yana soka dogon bututu ya ciro lakar a kawo mana. Kowace laka ana raba ta biyu, rabi a yi aiki da shi, rabi a kulle a sito. Ni nake wanke rabin aikin a rariya, in shanya, in barbaɗa a baƙin faranti, in sa ido a madubi mai ƙara girma, in jiƙa bakin wani siririn burushi, in ɗauko ƙwansunan ɗaya bayan ɗaya in manna su a kati da ruwan ƙaro. Katin gida sittin gare shi, kowane gida da lambarsa, da murfin gilashi.

Dokar aikin ɗaya ce, kuma Farfesa, tsohuwar da ke shugabantar sashenmu, ita ta koya min ita ranar da ta fara riƙe hannuna kan burushi: ɗari uku, ba zaɓe. Duk wanda idonki ya riska ki ɗauka, kyakkyawa ko mummuna, har ki cika ɗari uku.

Dakta kuwa, mai bincike a sashenmu, shi ne wanda zan aura. Saura mako uku.

Wata takwas da suka wuce ya leƙa farantina ya ga wani ƙwanso mai ɗaki huɗu, dunƙulalle, da leɓe mai kauri a bakinsa. Wanda muka saba gani, wanda har yau yana raye a teku, ɗaki biyar gare shi, leɓensa siriri. Dakta ya ce wannan sabon jinsi ne da ya ƙare tun zamanin da, ba wanda ya taɓa rubuta shi. Ya ce in ware masa irinsu. A makon ya fara raka ni bakin titi. A wata na biyu ya zo gaida Mama. A wata na huɗu ya turo min saƙon da har yau ban goge ba:

“Na sa wa sabon jinsin sunanki. Duk inda aka buɗe littafi a duniya za a kira ki, ko bayan ba ranmu.”

Na karanta ya fi sau hamsin. Sunana ne aka yi wa 'yar jela irin ta masana. Mama kuwa har mai kayan miya sai da ta faɗa wa. Ita da take kirana mai tsintar ƙura, ita da ta taɓa cewa a gaban ƙannena na yi kwantai har kuɗina ya faɗi, sai ga ta tana shafa kaina tana cewa dama jinkirin alheri ne.

To amma ni nake zaune kan farantin nan, awa shida kullum. Cikin ɗari ukun da nake tsinta, masu ɗaki huɗu da kaurin leɓe ba su fi ashirin ba. Masu ɗaki biyar suna da yawa. A tsakaninsu kuma akwai wasu: mai huɗu da rabi, mai huɗu amma leɓensa siriri, mai biyar amma leɓensa ya fara kauri. Da na nuna wa Dakta ya ce nakasassu ne, in zuba su a kwalbar shara. Na zuba su a kwalba, amma ban zubar ba. Wata rana da aiki ya yi sauƙi na ɗauko sabon kati na fara jera su, daga mai biyar zuwa mai huɗu, kowane kusa da wanda ya fi kama da shi. Gida arba'in da biyu na cika. Da na duba jerin daga farko zuwa ƙarshe, na nemi inda zan sa bakin burushi in ce nan wancan ya ƙare, nan wannan ya fara. Babu. Kamar a jera 'yan gida ɗaya ne daga dogo zuwa gajere. Ba sabon jinsi ba ne. Tsohon ne ya dunƙule jikinsa, watakila don ruwan zamanin ya fi sanyi.

Na rufe katin na sa a aljihun tebur, na yi shiru wata uku. Wannan shi ne laifina na farko.

Ranar Litinin Farfesa ta leƙo ɗakinmu, tabarau a rataye a wuya.

“Kafin takardar da Dakta ya rubuta kan sabon jinsin nan ta fita sai na gani da idona,” ta ce. “Alhamis, ƙarfe tara. Ke kuma ki kawo min duk abin da kika tsinta daga wannan lakar. Duka fa.”

Talata da yamma, bayan ɗalibai sun watse, na kira Dakta. Na haɗa masa shayi yadda yake so, na gyara masa madubin daidai idonsa, na sa katin a ƙarƙashi.

“Dakta, fara daga gida na ɗaya, ka bi a hankali. In ka kai inda suka rabu ka tsaya ka nuna min.”

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ina ganin hannunsa yana matsar da katin har ƙarshe, ya dawo farko, ya sake bi. Da ya ɗago ba mamaki a fuskarsa ko kaɗan, a nan na gane ba yau ya sani ba.

“Wa ya sa ki wannan aikin?”

“Ba kowa. Ba asara ba ce, Dakta. Ai wannan ma abin rubutawa ne, yadda jinsi ɗaya yake sauya kama. Sai dai a cire sabon sunan kawai.”

Ya yi 'yar dariya ta hanci. “Malama mai tsinta ta zama mai fatawa. Ke da takardarki ba ta wuce ta wanke rariya ba?”

“Ban ce na fi ka sani ba. Idona ne ya fi naka daɗewa a kansu.”

“Shi ya sa ya fara ƙanƙancewa.” Ya kurɓi shayin. “Kin san me ya sa na sa sunanki? Na duba ki ne na ga ba ki da abin da za a tuna ki da shi. Tausayi ne. In aka cire sunan, faɗa min abin da ya rage.”

Na kai hannu na zare katin kafin ya kai nasa, na sa a jaka.

“Ba ni,” ya ce.

“Zan ajiye shi a gida. Ka yi tunani zuwa jibi. Na fi so ka faɗa mata da bakinka, ya fi mutunci.”

Kun ji wautata. Ni da kaina na faɗa masa inda katin zai kwana.

Kafin in isa gida saƙonsa ya shigo: “Amaryata, yi haƙuri, gajiya ce. Kin fi ni gaskiya. Ki adana shi da kyau, ranar Alhamis mu kai mata tare.” Na tsaya a bakin ƙofa ina karantawa, hawaye na zuba, ina gode wa Allah da ya ba ni miji mai karɓar gyara. Na naɗe katin a farin hankici na cusa shi a ƙasan akwatin mayafaina, ƙarƙashin ruwan tokar nan mai duwatsu da na saya don ranar aure.

Laraba da la'asar na dawo daga aiki. Tun daga tsakar gida na ji ƙamshin lemun tsami. Yaya ta zo, tana zaune a falo kan doguwar kujera da yadin ɗinkin biki a cinyarta, shuɗi mai zaren azurfa, tana auna shi da kamun hannu. Ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba. Mama tana kicin. A kan teburin yanka akwai ɓawon lemun tsami ya fi goma, an matse su sun bushe, ga ƙaramin kwanon gilashin da muke sa gishiri. A cikin kwanon katina ne, an cire murfinsa, ya jiƙe ya lanƙwashe. Ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Wasu 'yan kumfa suna tasowa daga gida na talatin da wani abu, ɗaya, ɗaya, suna fashewa.

Bari in tsaya in gaya muku wani abu. Bara, wata ranar hutu, na kawo ɗan ragowar laka gida don in nuna wa Mama abin da nake yi. Na zuba a cokali, na matsa lemun tsami a kai, ya yi ta tafasa har ya narke. Na ce mata, “Kin gani Mama, alli ne, tsami yake cinye shi.” Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce in sake. Wannan ce rana ɗaya tak da Mama ta taɓa kallon aikina da fara'a. Don daɗin da na ji, har Dakta na ba labarin a farkon zuwansa. Su biyun nan ni na koya musu.

“Mama,” na ce.

“Na wanke miki wauta,” ta ce, ba ta ko juyo ba, tana goge wuƙa. “Yaron nan ya kira ni kamar zai yi kuka. Wai kin haɗa abin da za ki tozarta shi a gaban shugabarsa. Saura mako uku. Ke wace irin halitta ce?”

“Wata uku na yi ina adana su.”

“Ni shekara talatin na yi ina jiran ki bar min gida.”

Yaya ta ɗago daga falo. “Ki bar ta Mama, ai ta fi son ta auri ƙwanso. Sai dai ki nemo mai ɗaki huɗu, ko kya samu wurin sa gado.”

Wayar Mama ta yi ƙara a kan firji. Idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, kullum ni nake karanta mata saƙo, kuma Dakta ya san haka. Ta miƙo min kamar ba abin da ya faru.

“Duba min, ko tela ne.”

Ba tela ba ne. Na karanta a fili, tiryan-tiryan, yadda na saba:

“Mama, an gama? Kar a sa ruwa kawai, za su kwanta a ƙasan kwano ta sake tsince su. Sai da lemun tsami, kamar yadda ta taɓa nuna miki. Allah ya bar mana ke.”

“Amin,” in ji Mama. “Rubuta masa an gama.”

Na rubuta masa an gama. Da yatsana. Kafin in mayar mata da wayar na tura saƙon nasa zuwa tawa wayar. Kar ku ce dabara ce, ban san dalilin da ya sa na yi ba. Ina jin hannun mai tsinta ne, ba ya ganin abu ya bari.

Mama ta juye kwanon a magudana, ta sakar masa famfo. Sannan ta matso ta kama haɓata, hannunta na warin lemo.

“Gobe in tsohuwar nan ta tambaye ki, abin da mijinki ya ce shi za ki ce. In kika buɗe baki kika ɓata auren nan, ban yafe miki nonon da kika sha ba. Kin ji ni?”

“Na ji, Mama.”

Alhamis na sa doguwar riga ruwan ƙasa, na yafa baƙin mayafi, ko kwalli ban sa ba. Dakta ya riga ni isa, cikin farar shadda da ta sha guga, yana ta ƙamshi. Ya buɗe min ƙofa har da ɗan rusunawa.

“Ranki ya daɗe, kin tashi lafiya?” A hankali ya ƙara, “Na ji gidanku ya yi ƙamshi jiya.”

Ofishin Farfesa ƙarami ne, katuna a jere cikin akwatunan katako har rufi, ga tsohon madubinta a bakin taga da fentinsa ya goge daidai inda take dafa hannu. Na ajiye mata katuna biyu: na masu ɗaki biyar, da na masu ɗaki huɗu su ashirin, waɗanda ke ɗauke da sunana. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa.

“Suna da kyau,” ta ce. “Kamar an zaɓo su.”

Dakta ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

“'Yata, wannan shi ne duk abin da kika tsinta?”

“Eh, Farfesa.”

“Ba na tsakani? Ko guda?”

Na ji idon Dakta a gefen wuyana. Na ji hannun Mama a haɓata.

“Babu.”

Ta cire tabarau ta goge shi da gefen mayafinta, ta daɗe tana gogewa. “Tsufa ya sa kunnena nauyi. Sake faɗa min.”

“Babu na tsakani, Farfesa.”

Ta turo min takarda, irin wadda mai tsinta ke sa wa hannu cewa an bi doka, ɗari uku ba zaɓe. Na sa hannu. Biron bai ko yi rawa ba. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ba Mama a ɗakin, ba wanda ya riƙe min hannu.

Farfesa ta karɓi takardar ta ajiye. Sai ta ja aljihun teburinta ta fito da wani kati, ta sa shi a ƙarƙashin madubi, ta matsa gefe.

“Zo ki duba. Fara daga gida na ɗaya.”

Na sa ido. Mai biyar. Mai biyar da leɓe ya fara kauri. Mai huɗu da rabi. Haka har zuwa dunƙulallen mai huɗu. Gida talatin da takwas, an manna su a ɗan karkace, irin mannin hannun da ya fara rawa.

“Rabin da ke sito na buɗe,” ta ce. “Kwana tara na yi a kai, idona har ruwa yake. Tun ranar farko na gan su. Ban kira ku don in san ko akwai su ba. Na kira ku ne don in ji wa zai faɗa min.”

Dakta ne ya fara motsi. Ya ja kujerarsa baya kaɗan, ya nisanta da tawa kamar taku ɗaya, ya dafe ƙirji.

“Farfesa, wallahi yanzu nake ganin wannan. Ni ban taɓa zama kan farantin ba, kin sani. Abin da ta kawo min shi na rubuta. Ga shi a shafi na biyu, ita ta yi tsintar duka, ga kuma hannunta yanzu a gabanki.” Ya girgiza kai kamar mai jin ciwo. “Laifina ɗaya, na biye wa zuciya. Tun da na yi suɓul da baka na ce zan sa sunanta, ta hana ni sakat. Kin san mace in ta daɗe a gida, komai ta samu riƙewa take.”

Na juya na kalle shi. Ko kunya bai ji ba, har ya ɗan lumshe min ido, irin na ki yi shiru, zan gyara daga baya.

Farfesa ba ta kalle shi ba. Ni take kallo.

“Shekara shida kina ƙarƙashina,” ta ce. “Wanda ya sa hannu a ƙarya ba ya sake taɓa burushi a sashen nan, kin san wannan. Amma na san hannunki. Ba za ki ga waɗannan ki iya barinsu a warwatse ba, sai kin jera su. An ɗauki kati ɗaya a kabad wata uku da suka wuce, ba a rubuta ba. Ina katinki?”

Ku da kuke karantawa, ku sa kanku a kujerar nan. In na ce babu kati, na tashi daga aiki da sunan maƙaryaciya, amma nan da mako uku zan sa shuɗin yadi mai zaren azurfa, Mama ta sa min albarka. In na ce akwai, sai na faɗi inda ya tafi, da wanda ya matsa lemon, da wanda ya ce a matsa.

“Farfesa, ki bar ta haka,” in ji Dakta da taushin murya. “Ni zan ji da ita a gida.”

A gida. Kalmar nan ce ta sa hannuna ya shiga jaka. Na fito da wayar, na buɗe saƙon da na tura wa kaina, na ajiye ta kan takardar da na sa wa hannu, na tura gabanta. Dakta ya miƙa wuya ya hango layin farko.

Farfesa ta laluba tabarau a ƙirjinta. Kafin ta kai shi ido wayar ta hau rawa a kan tebur, saƙon ya ɓace, hoton Mama ya cika fuskar wayar, tana murmushi cikin ɗankwalin da na saya mata da albashina na farko.

Dakta ya sauke numfashi. Ya jingina da kujera, ya harɗe hannu.

“Ɗauka mana,” ya ce. “Mama ce.”

Tun da na mallaki waya ban taɓa katse kiran mahaifiyata ba. Ko ina wanka nake fitowa da kumfa. Na kalli hoton, ƙamshin lemun tsami ya dawo min har cikin maƙogwaro.

Na ɗora yatsa kan jan madannin katse kira, na danna.

Saƙon ya dawo. Farfesa ta gama sa tabarau, ta jawo wayar kusa da ita.